Bango Zai Aiko Mata da Shi

Da ya shigo ɗakin amarya, rufi ya fara kallo. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ɗaga kai sama kamar maginin da aka kira ya duba inda ke yoyo. Sannan ya juya ya dubi bangon da ke bayansa, ya dubi na hagu, ya ɗan ja da baya taku biyu. Ƙawaye sun cika ɗaki maƙil, gumi har ya fara tsattsaga hodar wasu, amarya na zaune a bakin gado an ja mata mayafi, shi kuwa bawan Allah yana ta nazarin gini.

Bikin 'yar yayata ne, a wani ƙauye na ƙasar Shanga da ba shi da nisa da bakin ruwa. Daga Yawuri aka ɗauko mai hoton, ya zo a kan babur da yaronsa a baya rungume da jaka. Ni kuwa tun kafin su iso na riga na yi tawa bajintar. Ina da wata 'yar kyamara mai fitila a goshi, irin wadda ke ɗagowa da kanta idan wuri ya yi duhu, na ɗauki amarya ya fi sau goma ina ta jin kaina. Da na duba abin da na ɗauka sai jikina ya yi sanyi. Fuskar yarinya ta yi toka-toka kamar wadda ta wuni a injin niƙa, goshinta da karan hancinta suna ƙyalli, baƙar inuwa ta manne a bango bayan kunnenta, kwanukan jere kuma kowanne ya kama wuta yana harbo haske. Yayata ta karɓa ta duba, ta miƙo mini, ta ce, "Wannan ai ba 'yata ba ce. Je ka ji da baƙi."

Mai hoton ya zaro tasa fitilar daga jaka, irin doguwar nan mai wuya da ake ɗorawa a kan kyamara, wadda masu sana'ar ke ce wa filash. Ya ɗaura ta, ya danna wani maɓalli a gefen wuyan, ya murɗa kan fitilar har ta juya wa amarya ƙeya, ta kalli kusurwar da bango ya haɗu da silin ta bayan kafaɗarsa ta hagu. Wata tsohuwa da ke zaune a kan tabarma ta kasa haƙuri.

"Kai ɗan nan, ga amarya nan gabanka, kai kuma kana haska bango?"

"Inna, bangon zai aiko mata da shi," in ji shi, ya danna.

Ɗakin ya yi wal, ba wanda ya runtse ido. Ya juyo da bayan kyamarar ya nuna wa Inna, ni ma na leƙa ta kan kafaɗarta. Ga yarinyarmu nan da launinta na Allah, wankan tarwaɗa mai duhu. Haske ya sauka a kuncinta ɗaya, ya gangaro a hankali ya narke cikin inuwa a ɗayan. Zanen lallen bayan hannunta ya fito layi-layi, ɗinkin bakin mayafi ya fito, a cikin kowace ƙwayar ido akwai ɗan farin ɗigo. Inuwar nan ta bango ta ɓace, kwanuka sun lafa. Kai ka ce a bakin taga aka zaunar da ita da hantsi, alhali ɗakin taga ɗaya gare shi, ita ma an sauke mata labule. Inna ta daɗe tana kallo, ta ce, "To, Allah ya yi albarka," ta koma kan tabarmarta.

Tun daga ranar nake bibiyar wannan aiki, kuma har yau ban daina jinjina wa waɗanda suka iya shi ba. Abin da na fara ganewa shi ne, faɗin fitila ya fi ƙarfinta muhimmanci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili da azahar a watan Afrilu ya san inuwarsa, baƙa ƙirin mai kaifi, har yatsunsa zai iya ƙirgawa a ƙasa. Ya koma wurin a watan Disamba ranar da hazo ya rufe gari, zai nemi inuwar ya rasa, sai ɗan duhu-duhu a gindin ƙafa. Ranar dai ita ce ba ta canza ba. A Afrilu hasken daga ɗigo guda yake fitowa, a Disamba kuwa ƙura ta warwatsa shi, sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila. Bakin filash bai fi akwatin ashana biyu ba. Auna shi ga fuska kai tsaye, ka kira mata ranar Afrilu. Buga shi ga bango, sai ya baje ya kai faɗin tabarma, kuma wannan tabarmar haske ce ke dawowa ta lulluɓe mutum.

Sai kuma inda hasken ya fito. Fuska tana da tudu da kwari, ido kuwa da inuwa yake gane su. Fitilar da ke manne da idon kyamara tana cike kowane kwari, ta tura inuwa can baya kan bango, fuska ta zama faifai. Wadda ta zo daga gefe, ɗan sama kaɗan, tana barin inuwa mai laushi ƙarƙashin haɓa da gefen hanci, mutum ya fito da kamanninsa.

Mu da Allah ya yi mu baƙaƙe abin ya fi shafar mu. Fatarmu tana shanye mafi yawan hasken da ya sauka a kanta, don haka sheƙin da ke kwance a goshi da kunci da haɓa shi ne ke zana siffar fuska. Wannan sheƙin kuwa hoton fitilar ne da kanta, kamar a madubi mai dishi-dishi. Mai hoton nan da tulu yake koya wa yaronsa wannan, baƙin tulu da aka goge ya yi sumul. Ya haska shi da tocila, sai ka ga wani ɗan farin tabo mai zafi a cikinsa, sauran jikin duk duhu. Ya kai shi bakin ƙofa da safe, sai ka ga ƙofar gaba ɗaya ta kwanta a jikinsa, cikinsa da wuyansa da bakinsa duk sun bayyana. Ya ce wa yaron, "Goshin mutum ke nan. Abin da ka nuna masa shi zai nuna maka."

Kayan aikin ma ba da mu aka fara gwada su ba. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake daidaita launin inji. Sai cikin shekarun 1990 ya fitar da wanda ke ɗauke da mata masu launi daban-daban. Kyamarorin yau sun fi na da adalci, amma ma'aunin haskensu har yanzu lissafi ɗaya ya sani: yana ɗauka duk abin da ke gabansa, in an gauraya, ya kamata ya tashi toka-toka tsaka-tsaki. To kawo masa ango cikin farar shadda da ta sha bugu tana ɗaukar ido. Nan take zai tsorata ya rage haske, shadda ta dushe, fuskar ango ta nutse, sai haƙora. Akwai tsarin da ake kira TTL, inda filash ke sakin wata 'yar walƙiya ta gwaji kafin ta gaske, kyamara ta auna ta yanke hukunci. Yana taimako a cikin turmutsutsu, amma gwani ba ya sakar masa linzami. Da ya ga farar riga sai ya ƙara mataki ɗaya, ko ya karɓe aikin gaba ɗaya ya saita ƙarfin da hannu, daga cikakke zuwa rabi, zuwa kwata, har ƙasa zuwa 1/128.

Ta yaya mai hoton nan yake sanin wane bango zai buga wa? Tambayar da yake yi wa kansa, kamar yadda ya gaya mini, ita ce, "In da za a ba ni guduma in huda taga a ɗakin nan, ina zan huda ta?" Inda zuciyarsa ta nuna, can yake juya kan fitilar. Samarin da ke buga sunuka a bakin tasha sun san ka'idar ko da ba su san sunanta ba, ƙwallo da karkatar da ya bugi gefen tebur da ita yake dawowa. Al-Hasan ibn al-Haisam, haifaffen Basra, ya tabbatar da wannan game da haske ta hanyar gwaji a littafinsa Kitab al-Manazir, wanda ya rubuta a Misira tsakanin 1011 da 1021. Bango ba madubi ba ne, yana warwatsa abin da aka ba shi, amma duk da haka wurin da walƙiyar ta sauka shi ne tagar, kuma daga can fuska za ta samu rabonta.

Ɗan koyo da zarar ya ji labarin nan sai ya miƙar da kan fitila sama tsaye, ya buga wa silin a bisa kan mutane. Ya tsira daga ƙyallin goshi, ya faɗa wani ramin. Hasken da ya sauko daga tsakar ka yana barin kwarmin ido cikin duhu, ga mu kuma mutanen hula da rawani da ɗaurin ɗankwali mai tudu, kowanne rumfa ne a kan fuska. In akwai fanka a sama, ita ma sai ta zana tata inuwar. Maganin ɗaya shi ne kusurwar bayan kafaɗa da na gani a ɗakin amarya. Idan wuri ya ƙure, dole sai silin, to a ɗaura farin kati a ƙeyar fitilar da roba, ya tare kaɗan daga hasken ya tura shi gaba, ya cike idanu ya sa musu ɗigon nan. Yawancin filash suna zuwa da ɗan katinsu a ɓoye cikin kai, amma bai fi faɗin yatsu uku ba. Mutumin namu katin gayyatar bikin ya roƙa a hannun wata ƙawa, ya juya farin bayansa, aiki ya yi kyau.

Wannan alheri ba kyauta ba ne. Haske yana gajiya da tafiya, kuma gajiyar tasa ta fi yadda mutum zai zata. Idan nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ke isa, idan ya ninka uku, ɗaya cikin tara. Ga tafiya zuwa bango, ga dawowa, ga abin da bangon ya cinye a matsayin ladan aike. Shi ya sa ake buƙatar fitila mai rara. Kowace filash tana da lambar ƙarfinta, kuma idan ka raba lambar da lambar ƙofar idon kyamara za ka san iya inda za ta kai. Ta goshin kyamara irin tawa tana wajen 12, wato a ƙofar ido ta 4 da ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin saurin kama hasken kyamara) mita 3 ne iyakarta, ga shi ba ta da wuyan juyawa. Manyan da ake ɗorawa suna kai wa 60 idan an tsuke bakinsu, mita 15 ke nan. A da sai mai hali ke sayen na Canon ko Nikon. Zuwan Godox da Yongnuo daga Sin shi ya sa mai hoton garin Wara ko Dugu zai iya tara kuɗin biki kaɗan ya aika Kano ko Legas a sayo masa.

Ita wannan gajiyar ta haske tana da wani amfani da ban taɓa tunani ba sai da na ga hoton dangi. Idan aka jera mutane sahu uku aka harba musu fitila kai tsaye, na gaba su ƙone, na baya su ɓace, domin na baya sun ninka na gaba nisa. Idan kuwa hasken daga can saman bangon baya ya taso, bambancin nisan ya zama kaɗan, kaka da ke zaune a gaba da jikan da ke leƙe a baya duk su samu.

Batir huɗu ƙanana ake sa wa yawancin filash. Suna tara wuta a wani rumbu a ciki har ta kai wajen bolt 300, sannan a sake ta gaba ɗaya cikin wani ɗan bututu mai iskar zenon, ta yi walƙiyar da sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Wannan rumbun yana riƙe wuta ko bayan an cire batir, don haka filash ɗin da ya lalace ba abin buɗewa da wuƙa ba ne a kan gado. Idan aka harba shi da cikakken ƙarfi sai an jira 'yan daƙiƙu ya sake cika, buɗar kai kuwa ba ta jiran kowa. Saboda haka gwani ke ɗaga ISO zuwa 800 ko fiye, ya bar filash a kwata, yadda zai harba uku a jere ba tare da ya shaƙe ba. Abin ban dariya, ruwan da ke wucewa ta Shanga da Yawuri da Ngaski shi ne ke juya injinan madatsar Kainji, wadda aka gina tsakanin 1964 da 1968, tafkinta ya tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu da gungayensu. Amma mai hoto a bakin wannan ruwa sau da yawa shagon cajin waya mai sola ko janareta yake kai batiransa, kuma ba ya fita biki sai da ƙulli biyu na ajiya a aljihu.

Inda gwanintar mutanen nan ta fi burge ni shi ne gini. Waɗanda suka rubuta littattafan koyon wannan dabara, da masu bayaninta a YouTube, suna zaune ne a ɗakuna masu farin silin gajere da fararen bango. Mai hoto a ƙasar Shanga yau yana ɗaki mai silin roba ruwan ɗorawa, gobe yana ƙarƙashin kwano tsirara, jibi yana cikin ɗakin jinka da hayaƙi ya rina, gata yana soro mai azara. Sabon kwano yana maido haske tsiri-tsiri kamar madubin da aka nannaɗe, tsoho mai tsatsa ya maido shi ja, jinka kuwa ta haɗiye shi ko godiya babu. Bango kuma duk launin da yake da shi sai ya shafa wa fuska. Yaron mai hoton da bakinsa ya ba ni labarin ranar da maigidansa ya sake shi shi kaɗai zuwa wani suna. Ɗakin mai jego koren fenti ne, ya buga wa bango kamar yadda aka koya masa, ya dawo da dangi guda kamar an tsoma su a miyar kuka. Bangon jar ƙasa ya fi wannan sauƙi, yana ba fata wani ɗumi mai kyau, sai dai yana cin batir. Abokin mai hoto na gaskiya shi ne tsohon bango da aka shafe da farar ƙasa.

To idan babu bango fa? Sai a zo da shi. Wasu suna da faifan da ake sayarwa mai naɗewa, fari a fuska ɗaya, ruwan azurfa a ɗayar. Mutumin namu bai saya ba tukuna. Ya taɓa gwada yawo da farin yadi, tsofaffi suka ce ya fitar musu da shi daga gidan biki, ba sai na faɗi abin da ya tuna musu ba. Yanzu babban kwali yake ɗauka wanda ya manne wa bayan fastar 'yan siyasa, farin ɓangaren a waje, ya ce ita ce ranar da fasta ta yi wa talaka amfani. A bikin namu, da aka fito tsakar gida bayan isha za a ɗauki ango, kwalin ya yi kaɗan. Ya waiwaya ya ga wani ƙaton abokin ango cikin farar babbar riga. Ya ce, "Yallaɓai, don Allah ɗan tsaya nan, ka buɗe hannu kamar za ka yi rawa." Mutumin ya baza riga, aka harba masa filash a ƙirji, ango ya fito tas. A ƙarƙashin rumfar haya ma haka ne, fara ni'ima ce, mai ratsin ja da kore kuwa gara a jawo mutum waje.

Akwai wani abu da ke ruɗa masu koyo, ni ma ya ruɗa ni. Hoton filash hoto biyu ne a cikin ɗaya. Walƙiya ita ke zana mutum, saurin ƙiftawar kyamara kuma shi ke yanke nawa za a bari ya shigo na hasken wurin. Yawancin kyamarori ba sa jituwa da filash idan ƙiftawa ta wuce 1/200 ko 1/250, sai ka ga baƙin layi ya cinye gefen hoto. Idan aka tsaya a 1/200 cikin dare, mutum zai fito amma bayansa kamar bakin rijiya. Sauko da ita zuwa 1/60 ko 1/30, sai ƙwan lantarkin da aka rataya a itace ya bayyana, wutar murhun masu girki ta bayyana, hoton ya nuna cewa biki ake yi. Mutumin kuma ba zai yi hazo ba, domin walƙiyar ta riga ta kama shi cak.

Washegarin bikin namu da la'asar sakaliya mahaifin ango, wanda masunci ne, ya ce shi a cikin jirginsa yake so a ɗauke shi. Muka gangara bakin ruwa. Rana na shirin faɗuwa a hayin kogi, sama ta yi ja, ruwa ya ɗauka. A nan babu silin sai na Ubangiji. Mai hoton ya fara auna sama, ya rage har jan nan ya zauna daram, tsohon ya zama baƙin gunki a cikin jirgi. Sannan ya cire filash daga kan kyamara, ya ɗora wata 'yar na'urar aika saƙo a gurbinsa, ya miƙa wa yaron fitila da kwali. Yaro ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa, ya tsaya taku biyu daga gefen jirgi, kwali a hannu ɗaya yana kallon tsohon, fitila a ɗayan tana kallon kwali.

"Baba, ɗaga malafar nan kaɗan. Yawwa. Ɗan juyo wajen yaron nan, kamar zai gaya maka magana."

Na farko ya yi yawa, tsohon ya fito kamar an yanko shi daga wani hoto an manna. Ya rage. Na biyu ma ya rage. A na uku ba za ka ce an kunna komai ba, sai dai ga furfurar gemu ɗaya-ɗaya, ga kantar igiya a tafin hannun da ke riƙe da filafili, ga taru a tare a gindin ƙafarsa, ga jan sama a baya bai dushe ba. Ya ce mini haske gishiri ne, in aka ji shi a miya to ya yi yawa. Duka aikin bai kai minti biyar ba, domin ranar ba ta jira.

Na tambaye shi yadda yake yi a bikin Rigata na Yawuri, inda jirage ke tsere da rana tsaka. Ya yi dariya ya ce a nan filash hutu yake, jirgin da ke tsakiyar kogi ba fitilar da za ta kai masa. Sai in zai ɗauki wani a kusa, malafa ko rawani ya rufe masa ido, sannan yake harba kaɗan kai tsaye don ya kori inuwar. Wannan ya tuna mini cewa haska fuska kai tsaye ba zunubi ba ne. Malick Sidibé na Bamako da filash kai tsaye ya riƙa bin samari da 'yan mata wuraren rawa da dare a shekarun 1960, inuwa baƙa a bango da komai, kuma hotunan suka kai shi ga lambar Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na Banis a 2007. Magabacinsa Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, shi kuma hasken tsakar gida ya fi dogara da shi. Kowannensu ya san abin da yake nema. Ni a ɗakin amarya ban zaɓi komai ba, kyamara ce ta ɗago goshi ta harba.

Dattawan yankin suna tuna zamanin da mai hoto ke zuwa da akwatin katako da baƙin ƙyalle, ya tsayar da mutum a rana yana ƙifce-ƙifce. A Turai ma da wahala aka faro. A 1887 wasu Jamusawa biyu suka haɗa hodar magnisiyam da ake cinna wa wuta, ta yi walƙiya ta cika ɗaki da hayaƙi. A 1929 aka fara sayar da ƙwan da ke ƙonewa sau ɗaya a jefar. A 1931 ne Harold Edgerton a jami'ar MIT ta Amurka ya fito da fitilar lantarki mai maimaita walƙiya, kakar wannan da ke cikin jakar yaron.

Koyon kuwa hanyarsa ita ce ta kowace sana'a a ƙasar Hausa. Yaron nan ya kusa shekara yana ɗaukar jaka da kwali kafin a bar shi ya taɓa wuyan fitila. Aikin gidan da ake ba shi ɗaya ne: ya zaunar da ƙanensa a tsakiyar shago, kada ya motsa shi, kada ya canza komai a kyamara, ya riƙa juya kan filash kaɗai, hagu, dama, baya, kusurwa, yana duba abin da kowane juyi ya yi wa hanci da ido. Sa'arsa ita ce yana ganin sakamako nan take. Maigidansa da fim ya koya, sai an aika birni an wanko, bayan kwanaki ya ga kuskurensa, kuɗi kuma sun riga sun tafi. Akwai kuma abin da ba ya cikin maɓalli. Amarya mai kunya ba za ta ɗago ido ba ko an roƙe ta, tsoho ba ya son a kashe masa ido, jariri na barci a ranar suna. Hasken da ya biyo ta bango ba ya dukan kowa a fuska, shi ya sa bayan harbi biyu mutane ke mantawa da mai hoto su koma harkarsu, kuma a nan ne hotunan kirki ke fitowa.

Abu ɗaya ke ɓata mini rai. Yanzu da yawa daga cikin masu zuwa karɓar hoto cewa suke "a haska ni," ma'ana a kai fuskar kwamfuta a kankare ta har ta yi fari fat, a goge duk wani layi, uwa ta kasa gane 'yarta. Ina ganin rabin wannan buƙata daga mummunan haske ta samo asali. Mutumin da kullum ake nuna masa kansa da toka a kumatu da maiƙo a goshi dole ya nemi a gyara. Yayata ba ta nemi a gyara komai ba. Hoton nan na bakin gado shi aka faɗaɗa aka sa a firam, yana rataye a ɗakinta har yanzu, nawa kuwa na goge su tun a kan hanya.

Idan za ku ɗauko mai hoto a biki na gaba, ku lura da inda ya fara kallo da ya shigo, ku kuma dubi wuyan fitilarsa ko yana juyawa. Idan kuma ɗakin amarya za ku yi wa fenti, ku yi kore, ku yi shuɗi, ku yi duk abin da ranta ke so, amma don Allah a bar wa mai hoto bango ɗaya fari.